Jan Fenti a Bangon Bolari

Kwarin da ke bayan gidanmu a Bolari,
ina yaro da taku ɗaya nake tsallake shi,
ko wando ba na naɗewa.
Yanzu ya haɗiye mangwaron Malam Jalo,
ya haɗiye masai biyu da rabin shagon tela,
kowace damina sai ya ƙara wangale baki
kamar baƙon da aka manta da tuwonsa.

Da aka ce masu kuɗi daga ƙetare za su ɗinke shi,
ni na fara cewa alhamdu lillahi.
Wa zai ƙi, cikin masu kwana da kunne ɗaya a bango
suna jin ƙasa tana zubewa?

Ranar Talata suka zo da fararen motoci
da allo mai akwatuna goma sha bakwai, kowanne da launinsa:
ga na yunwa, ga na ruwa, ga na birane,
har da mai hoton kifi, mu da rabonmu da kifi tun sallah.
Wani yaro ya tsoma buroshi cikin jan fenti,
ya ja layi biyu a gicciye a bangona,
daidai inda nake shanya hulunan mutane.
Bai yi sallama ba.
Fentin ne ya gaishe ni.

Wankin hula nake yi, bokona bai yi nisa ba,
amma na san ba a matsa hula a kan da ba a auna ba.

An yi taro, in ji su, a otal, da Turanci,
an ci shinkafa da kaza a madadinmu,
an rubuta: jama'a sun amince.
Diyya kuwa sai mai takarda.
Takardata kakana ne, yana kwance a maƙabarta,
shi ya sare dajin nan tun ana biyan haraji da sule.
Adda Petel haya take, shekara ashirin da uku ɗaki ɗaya,
nan ta toya ƙosan da ya kai yara huɗu sakandare.
A lissafinsu ɗakin ne mutum, ita kayan ciki ce.
Hammadu kurma, sau uku aka kira shi da lasifika,
aka rubuta: ba ya nan.
Yana nan fa.
Yana gindin motarsu yana ɗinke wa direba takalmi.

Da la'asar sai ga ɗaya cikinsu ta dawo a kan acaɓa,
Rifkatu, 'yar Kaltungo, ita kaɗai.
Ta ce, Baba, cikin littafin masu ba da kuɗin
akwai shafin da ba a karanta muku ba:
a tambaye ku kafin a taɓa,
a sallami mai haya, a saurari mai kuka.
Ba alfarma ba ce, haƙƙinku ne.
Ta kifa turmi ta zauna, ta rubuta Petel,
ta rubuta Hammadu, da hannu suka yi hira,
ya dangwala babban yatsa yana dariya.
Na ce, ba za su kore ki ba?
Ta ce, wataƙila.
Ta nemi ruwan sha.

Ban san ko takardar ta hau sama ba,
ko tana ƙarƙashin kofin shayin wani.
Ga hadari ya fara haɗowa daga gabas.

Ina son a ɗinke kwarin, Allah ne shaida.
Siminti ya zo, itatuwa su zo,
jikokin jikoki su sha inuwa, kamar yadda allon ya ce.
Tambayata ɗaya: jikokin wa?
Kwari ta baya yake cin gida, cikin dare;
kada gyara ya ci shi ta ƙofa, rana tsaka,
a ɗauki hoto a aika ƙetare.

Jiya na wanke hula arba'in,
na jera su a bangon nan kamar kullum.
Sun rufe jan fentin tsaf,
sai wutsiya ɗaya da ta leƙo
ƙarƙashin hular liman.