Lissafin Mai Kwalabe

Ni Arzika, ban taɓa kai ta baki ba,
amma shekara goma sha ɗaya ina tura amalanke
daga bayan gidan Madam Afi a Lakurusu
zuwa Katako, kafin rana ta yi ƙarfi.
Abin da Yamai ta sha da dare,
ni ke ƙirga gawarsa da safe.

Da can kwalaben biyar ne zalla,
gajeru, masu tumbi kamar masu shan su,
kaso ashirin in an yi albashi,
talatin daren da aka ci ƙwallo.
Su ajiya ne, kamfani na jiran kayansa,
rabona mai tsagaggen baki.

Sai bara wasu dogaye suka fara shigowa,
masu wuyan zalɓe, gindi a lotse,
da toshiya maimakon marfi.
Madam ta ce ruwan inabi ne.
Wai samarin ofis sun gaji da ajiye teɓa,
wai likita ya hana mushe Barmu sanyi,
wai wuta na ɗaukewa, firigo ya yi zuru,
biyar mai ɗumi kuwa fitsarin jaki ce,
shi jan, ko da zafi, ana haɗiye shi.

Dogayen ba su da mai nema.
Na wanke su da toka da tsakuwa, na kife a rana.
Tsahara mai gyaɗa ta ɗauki goma,
mai zuma ya ɗauki shida, dala ashirin-ashirin.
Na saya wa ɗiyata takalmin lakwal
da bawon abin da liman ya la'anta ran Juma'a.
Na je na tambaye shi.
Ya daɗe yana jan carbi,
ya ce in riƙa ƙara toka.

Bana kuma ga kwali ya zo.
Inabi a kwali, kamar madarar goyo,
a sha, a murƙushe, a yar.
Jiya na tarar Madam ta duƙufa kan littafi,
tana lasar yatsa, tana cewa biyar ta ja baya,
kwali ne ke biyan haya.
Na leƙa bayan gida:
kwalaye jiƙaƙƙu, akuya na lasa,
dogaye huɗu, ɗaya a fashe.

Tsahara ta soya mudu biyar tana jirana.
Na ɗora ukun a kan amalanke,
suna ta ƙwanƙwasar juna
har bakin Katako.