Gefe na Biyu

A aljihun rigar Baba, ran da muka raba kayansa,
na tsinci guntun kwalin sukari,
da ajami a bayansa, hannunsa mai karkata hagu:
"Goro ya jiƙe. Gefe na biyu."
Ba suna, ba shekara.

Na danna wa waya kalmomin.
Ta kawo mini farashin huhu a Kano,
da maganin ƙwaron goro.
Na cire ƙugiya, na sauya harafi,
ta ce ko wani abu nake nufi.

Sai na sa takalmi.
A Kejetiya, rumfar da ake sayar da kaset
yanzu caja ce ke reto kamar hanjin kaza.
A Alabar wani tela ya rantse waƙar biki ce,
ya rera mini baiti, ya ce a'a, ba ita ba.
Ladanin Asawase ya ce in bar matattu su huta.

Mma Zaliya ta Aboabo, mai goro tun kafin a haife ni,
ta sa na karanta sau biyu,
ta yi dariya har jan haƙorinta ɗaya ya fito.
"Wasiƙa ce, ɗan nan.
Gariba ne mai rakoda a layinmu.
Wanda bai iya biro ba ya zauna ya faɗi,
direba ya kai Salaga, ya dawo da amsa.
Wannan tasa ce, ta neman uwarka.
Ni na kai, ni na dawo da ita a ƙugu."
Ta jawo kwalla daga ƙarƙashin gado.

Wofa Bediyako mai gyaran rediyo
ya share fumfuna da auduga,
ya liƙe zaren da jan farce,
ya naɗe shi da biro. Sidi ashirin.

Gefe na ɗaya: wa'azi. Wani ya ɗora a kai.
Gefe na biyu: wa'azi,
minti ashirin da tara kan masu tauye mudu.
Malam ya shafa. Ƙas. Shuuu.

Sai ruwa bisa kwano,
ruwan Kumasi na wata damina da ban gani ba.
Sai tari. Na san tarin nan.
"...ya jiƙe, jarina ya tafi,
amma in kin yarda da ni haka nan..."
Ƙas.
Sai zakaran wani gari,
sai mace: "To, Gariba,"
ta fashe da dariya,
zare ya ƙare.

Ina da kwana arba'in ta rasu.
An ce mini doguwa ce, an ce tana son ja.
Ba wanda ya ce tana jan numfashi ta hanci in dariya ta ci ta,
yadda 'yata Sadiya ke yi.

Wofa ya ɗora yatsa kan maɓalli, ya dube ni.
Na gyaɗa kai.
An kira magariba, maƙwabta sun ja ƙofofi,
shi bai rufe ba.