Gadar Kara a Kan Tiren Shayi

Kulu ta dawo daga makaranta da la'asar,
ta iske ni a zaure ina ware albasa,
ruɓaɓɓu gefe, na kasuwa gefe.
Ta ce, Baba, ara mini tiren shayinka.

Da sillen kara da ƙaya ta gina gada,
ƙafafu huɗu ta kafa cikin yumɓu,
ta aza kwalin ashana, wai motar Kware ce,
ta zuba tsakuwa ciki, wai buhunana.

Na ce, ke ɗiyar ga,
ƙasa ba ta rawa a Sakkwato.
Kakana bai gani ba, ni ban ji ba.
Mu ruwa ke cin gadarmu;
gulbin Rima in ya batse ba ya sallama.
Ta ce, ai ba a koyon iyo ranar da jirgi ya kife.

Ta tura tiren gaba, ta janyo shi baya,
bisa tsawon gadar, kamar mai tankaɗe.
Shimfiɗar ta zame, ta yi karo da gaɓa,
ta komo ta zauna, baki kaɗai ya tauye.
Kwalin ashana ko gezau.
Ta ce, wannan gyaran baki ne:
ƙarfen mahaɗa, robar ƙarƙashi, siminti kaɗan,
mako uku a buɗe hanya.
Ta ɗauki albasa biyu ta ajiye a gabana.
Kuɗinsa ke nan.

Ta gyara karan, ta juya tiren.
Hannun nan ne, ƙarfin nan ne,
amma ta haƙarƙari.
Na ji ƙas.
Ƙafa ta biyu ta tsage tun daga gindi,
ta uku ta durƙusa,
motar Kware ta zubar da buhunana a tabarma.
Ta ce, nan sai an tare ruwa, an tona har ƙasa,
an zuba sabon ginshiƙi.
Ta jera albasa tara, ta ƙara ɗaya don jinkiri.

Na ukun a karkace ta girgiza,
ba tsawo ba, ba faɗi ba.
Gadar ta murɗe kamar wanki a hannun mai matsa.
Ba ta ƙirga ba. Kwandon ta turo mini.

Ta ce, akwai wanda takarda ba ta ɗauka:
tumatirin da zai narke a wancan ƙetaren,
mai jirgi da zai ninka kuɗin fito,
mai naƙuda a bakin gaɓa
tana kallon fitilun asibiti.

Na yi shiru.
Na tuna raƙumin Arzika a hanyar Illela:
tura shi ta baya, taku ɗaya zai ƙara,
amma ranar da kaya suka rinjaya gefe
mutum shida ba su tashe shi ba.

Na tuna abin da ban gaya mata ba.
Fari ta gaba ya zo mini,
na tare shi da ƙirji, na sai da awaki biyu, ya wuce.
Bashi ma ta gaba ya zo.
Rasuwar uwarta kuwa ta haƙarƙari ta shigo,
ranar Laraba, tuwo na kan wuta,
shekara goma sha ɗaya ina tona gindin
ban gama jera albasar ba.

Da safe na hau keke zuwa fadama.
A tsakiyar gada na sauka, na dafa ƙarfe.
Tirela ta wuce, na ji rawar a tafin hannuna.
Na leƙa ƙasa na gaida ginshiƙai,
shekara talatin ina bi ta kansu
ban taɓa sanin yawansu ba.

Shayin daren nan ya yi ƙanshin yumɓu.
Ban ce a wanke tiren ba.