Kayen Baƙon Wata

Ina da kaye mai shuɗin bango,
dala talatin na saye shi, ran Lahadi, kasuwar Tawa.
Ba awon masu ɗinki ke ciki ba,
ba bashin zare ba.
Baƙona nake rubutawa:
ranar da ya sauka, ranar da ya ɗaure kaya.

Da can baƙon nan ba ya sallama.
Wani watan ya zo a kwana ashirin,
wani watan ya yi arba'in yana yawon duniya,
sai ya same ni ina taka keke,
mara ta murɗe kamar wanki a hannun mai fushi.
In kifa goshi kan ƙarfe mai sanyi,
in ce wa mai jiran riga, kuran ne ya ɗauke.
Ta dubi kekena, mai tafiya da ƙafa,
ta yi shiru.

Iya Cima, ƙanwar kakata, ba ta tambaya.
Da ta ga na shigo a duƙe
sai ta binne ɗan dutse a toka mai zafi,
ta naɗe shi da tsohon kallabi,
ta ɗora mini ƙasan cibiya.
Citta da kanumfari na tafasa a murhu.
"Sha da zafinsa. Mu ma haka muka sha,
kuma ba mu faɗa wa kowa ba."
Ruwan ya wuce,
maganar ta tsaya mini a wuya.

Shekara uku ina shanya ƙunzugu ƙarƙashin gado,
inda rana ba ta da labari.

Ran da jiri ya kayar da ni bakin famfo,
bokiti ya yi gabas, ni na yi yamma,
Barira ta tsayar da kabu-kabu.
A likita, ungozoma Zalika ta ja fatar idona:
"Fari fat. Kina zubarwa fiye da yadda kike mayarwa.
Me kike ci?"
Shayi da burodi, sai dare.
"Barci fa?"
In salla ta matso, ni da barci sai gaisuwa daga nesa.

Ta ba ni jajayen ƙwayoyi, ta ce in shanye su duka,
sauran aikin kuma yana cikin tukunya:
zogale, wake, yakuwa,
hanta ran da ciniki ya yi kyau.
Shayi ya ba abinci tazara.
"Ki yi tafiya, ki yi barci, ki rubuta.
In jini ya haura mako,
ko ciwo ya hana ki tsayuwa,
kada ki jira dutsen Iya. Ki dawo."

Yanzu ina zaga tabkin Babaye kafin rana ta yi ƙarfi,
takalmina cike da rairayi.
Kaye ya ce: ashirin da tara,
talatin da ɗaya, ashirin da takwas,
sai talatin da shida a watan babbar salla,
da na kwana bakwai ina ɗinkin mutane.
Ashe jiki ma yana da nasa kayen,
kuma ba ya yafe bashi.

Ban ce na rabu da ciwo ba.
Ranar farko har yau ta dutse ce da citta.
Sai dai na san zuwansa,
ina ɗora tukunya tun yana hanya.

Shekaranjiya Habsu, ƴar koyon ɗinkina,
ta zo da zane biyu a ƙugu, ido a ƙasa.
Na zaɓi ƙyalle mafi laushi, na ninka, na ɗinka mata huɗu,
na yago takarda daga tsakiyar kaye:
rubuta yau.

Nawa kuwa na wanke, na shanya a igiyar tsakar gida,
rana tsaka.
Iya Cima ta gani, ta buɗe baki,
ta rufe.
Can ta miƙe da sandarta,
ta matsar da zanenta gefe
don rana ta same su sosai.