Kunnen Hagu

Shekara goma sha shida ina zanen dabbobi a Maraɗi,
ban taɓa duban ko ɗaya ba.
Saniyar da ke bangon mai nonon Sabon Gari aikina ce,
hantsa kamar randa, tana murmushi.
Ragon mahautan bakin tasha mai ƙaho naɗi uku,
ni na haife shi da gwangwanin fenti biyu.
Mai biya ya ce ƙiba, in ƙara ƙiba.
Ba wanda ya taɓa dawo mini da ƙaryata.

Sai ga Cima daga Bagalam,
igiya a hannu, jika biyu ƙulle a bakin zane.
"Nomau, Juma'a za a kai ta kara.
Kuɗin maganin jikana na cikin fatarta.
Ka bar mini ita a jikin wani abu."

Ko kai ban ɗaga ba. Akuya ai akuya ce.
Kafin la'asar na gama a kan kwali:
ja sumul, wuya a miƙe, ƙafafu kamar an feƙe,
ga ciyawa shar, irin wadda watan nan bai sani ba.

Cima ta daɗe tana kallo.
Ta ce, "Kyakkyawa. Ta wa ce?"

Muna cikin haka mai igiyar ta miƙo baki,
ta yagi gefen kwalin, ta tauna,
ta furzar.

Na ɗauko katako, na jawo kujera,
na zauna gabanta kamar mai ɗaukar karatu.
Ashe janta ba ɗaya ba ne.
Gadon baya jan marmara ne bayan an ɗauke ruwa,
kwiɓi ya koɗe kamar lallen da ya yi wata a ƙafa,
wuya kuwa, inda igiya ta ci,
ba gashi, ba ja, sai toka-toka.
Gwiwoyin gaba sun yi kanta.
Nono ɗaya ya fi ɗaya tsawo,
ƴaƴa tara suka ja shi, in ji Cima, biyu ba su zauna ba.
Cikin ya tasa gefe guda. Leda ce, ba ƙoshi ba.

Akwai kaska a gindin ƙaho.
Hannuna ya tsaya.
Wa zai ba da kuɗinsa a zana masa kaska?
Na tsoma tsinken tsintsiya a baƙi,
na ɗiga ta inda take.

Ido ne ya cinye mini yini guda.
Ƙwayar a kwance take kamar bakin asusu,
ba ta roƙo, ba ta godiya,
ba ta ma san da zamana ba,
ɗan gawon da ya faɗo bayana take lissafi.
Sau huɗu ina zuba mata tausayin mutum,
sau huɗu ina gogewa da kalanzir.

Kunnen hagu kuma a tsage.
Kare ne, a bakin gulbi,
shekarar da ruwa ya ci lambuna.
Cima ta ɗinke da zaren buhu, ɗinkin bai kama ba.
Na bar tsagar yadda ta warke, a karkace.

Juma'a da hantsi dillali ya buɗe bakinta,
ya ƙirga abin da ya rage, ya taya.
Da marece Cima ta dawo,
igiyar a naɗe a hannu, ba kowa a ciki.
Na juyo katakon.

Ba ta ce kyakkyawa ba.
Ta sa yatsa a tsagar kunnen,
fentin bai gama bushewa ba,
ta ce, "Ke, ja'ira,"
da muryar da ake kora daga bakin turmi,
ta ɗora katakon a ka,
ta tafi da ja a yatsa.

Gobe mai nono na jirana, saniyarsa ta koɗe.
Na wanke buroshi, na haɗa fari da baƙi.
Har yanzu ban san yadda zan yi da murmushin nan ba.