Idon da Ke Kan Firiji

Na saye ta a kasuwar Kemeralti ranar wata Talata,
'yar ƙarama, fara, kamar ƙwan agwagwa mai ido ɗaya.
Na ɗora ta kan firijin mahaifina Hulusi,
tsakanin kwalbar zaitun da hoton marigayiya.
Na ce, Baba, aikin dare nake a asibiti,
in ka faɗi, wannan idon zai gaya mini.
Ya ce, shekara arba'in ina cikin injin jirgin ruwa
ban faɗi ba, sai yanzu a ɗakin girkina?
Amma ya bar ta.

Kalmar sirri kuwa yadda kamfani ya aiko ta:
ɗaya, biyu, uku, huɗu.
Na ce gobe zan canza.
Gobe ta haifi jibi, jibi ta yi jikoki.

Daren Laraba, uku saura kwata,
na gama sa wa wata tsohuwa ƙarin ruwa,
na zauna, na buɗe waya.
Hoton yana tafiya.
Yatsana bai taɓa komai ba
amma idon yana juyawa sannu a hankali,
ya wuce butar shayi, ya wuce taga,
ya tsaya kan ƙusar da mukullai ke rataye.
Ya matso. Ya ƙara matsowa.
Sai ga Baba da rigar barci, ya zo shan ruwa,
ya ɗaga hannu, ya yi murmushi,
ya ce wa firiji, Nermin, je ki huta.

Jirgin farko na shiga daga Konak,
teku kamar toka, tsuntsaye na bin burodin fasinja,
ni kuwa cikina ya ɗuri ruwa.

Ya ce, ai kullum takan juya da dare,
na ɗauka ke ce.
Har labarin gwiwata na ba ki,
har gwangwanin da nake ɓoye kuɗin fansho.
Ba ki amsa ba, na ce aiki ya yi miki yawa.

Ilgaz ɗan maƙwabta, wanda ko gemu bai fara ba,
ya zauna da kwamfuta a kan teburin cin abinci.
Ya nuna mini jerin baƙi, layi bayan layi,
daga garuruwan da ban san sunansu ba.
Ya ce, ba ɓalle ƙofa suka yi ba, Anti,
a buɗe suka same ta.

Ya kori duk wanda ke ciki.
Ya rufe ƙofar bayan da ke jikin na'urar intanet,
wadda ban ma san gidan yana da ita ba.
Ya sabunta manhaja, muna kallon zare yana cika
kamar masu jiran sakamakon gwajin jini.
Ya ƙara sakata ta biyu:
duk mai son shiga, sai lamba ta faɗo a wayata.
Sabuwar kalma Baba ne ya ƙera ta,
doguwa kamar igiyar anga,
sunan jirginsa na farko da nauyin wani kifi
da ya rantse ya kama tun kafin a haife ni.

Da yamma makeri ya canza kwaɗon ƙofa.
Gwangwanin ya koma banki, Baba yana gunaguni.

Ba mu san ko wane ne ba.
Wataƙila ɓarawo mai haƙuri,
wataƙila yaro ne da barci ya ƙi,
yana leƙa gidajen mutane don ya kashe dare.
Ko wane ne, wata shida
yana karɓar gaisuwar da aka yi domina.

Yanzu in idon ya juya, ni ce.
Amma Baba ba ya ɗaga hannu.
Yakan tsaya da kofinsa, yana duban ƙasa,
sai wayar falo ta yi ƙara,
ya ji muryata,
sannan ya juyo.