Zaman Laraba a Shika

Kafin su iso nakan janye teburin.
Tebur kan mai da mutum alƙali,
ni kuwa ba shari'a ta kawo ni ba.
Kujera tara, a zagaye kamar bakin faifai.
Tawa mai gurguwar ƙafa ce, dab da ƙofa,
inda fuskar kowa ke cikin idona.

Duk wanda ya zauna nan yana da ɗa mai sikila,
ko ya taɓa yi.
Doka ɗaya nake maimaitawa:
abin da aka faɗa a ɗakin nan
kada ya hau motar Samaru tare da kai.

Lantana ke buɗe fage kullum.
Zancenta Kubanni ne a tsakiyar damina,
ya kwaso kuɗin ƙarin jini, da dangin miji, da tsadar manja.
Ba a tare kogi da tafin hannu,
hanya ake sara masa.
Sai in ce, "Lantana, daren nan da kika kwana tsaye,
tsaya mana a kansa.
Saratu, kin san irinsa?"
Ruwan ya karkata Wusasa.

Saratu ta ce ɗanta ya tambaye ta da asuba
wa ke buga masa ƙusa a ƙashi.
Ba ta rufe baki ba Baba Iro mai faci ya zabura,
akwai wani sassaƙe a Giwa, in ji shi, kwana uku.
Shawara kamar atishawa take, ba ta sallama.
Na ce, "Baba, riƙe maganin tukuna,
ba mu gama ganin ciwon ba."
Ya yi tsaki, ya zauna. Ban ji haushi ba.

Sai Tanimu.
Mako shida bai ce uffan ba.
Daga Kwarbai yake zuwa da hula a hannu,
allura na shiga, allura na fita.
Da ina sabuwar hannu, shiru tsoro yake ba ni,
in yi ta cusa masa karin magana
kamar mai toshe ramin ɓera.
Yanzu na san shiru ma baƙo ne,
kujera ake ba shi.

Yau allurar ta tsaya.
Mai jan zance da kunne kaɗai
rabin zance yake ji.
Na ɗaga wa Lantana yatsa, kaɗan, ba tsawa.
Fanka ta juya, ta juya.
Wani keken majinyata ya wuce yana kuka a baranda.
Na ƙirga numfashina har sha tara.

Ya ce, "Da azumi na auna kansa.
Kan yau kwanansa arba'in a ƙasa.
Ban sani ba, in ƙarasa ta ko in warware."

Sunan 'yata ya taso mini har maƙogwaro.
Ina da labarin da zai cika ɗakin nan taf,
ya sa kowa ya juyo gare ni.
Na haɗiye.
Yau ba ranarta ba ce.

Ba ni na amsa ba.
Saratu ce ta matsa da kujerarta ta ce,
"Wane launi yake so?"
Tanimu ya yi wata dariya mai ruwa a ciki:
"Kore. Komai kore. Har kofin shayi."
Baba Iro ya buɗe baki,
ya dube ni,
ya rufe da kansa.

Biyar saura kwata na fara naɗe tabarma,
don ba a sallamar mutum da ƙurji a buɗe.
Kowa ya faɗi abin da zai tafi da shi.
Lantana ta ce, "Ni yau na ji."
Kalma huɗu. Na kusa guɗa.

Da suka watse na mai da teburin.
Ƙarƙashin kujerar Tanimu
ga guntun zare, bai kai ɗan yatsa ba.
Na sa shi cikin littafin sunaye,
na je neman mai mukulli
kafin ya tafi salla.